Sanyin Ɗakin Madam da Firigon Inna

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ni mace ce daga Matameye, uwar ƴaƴa uku a yau. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba, domin waɗanda na zalunta ba su cancanci a yi ta yawo da sunansu ba, waɗanda na yi zaluncin dominsu kuwa sunansu bai kai a ɓata tawada a kansa ba. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da haura shekara ashirin ba, ina goyon ɗana na fari. Mijina yana cikin mazan garinmu da ke ƙetarawa Najeriya cin rani. Da an gama ɗaure gero an zuba a rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Fatakwal, inda yake da teburin shayi, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Ni kuwa yarinya ce mai idon kwaɗayi. Ba kwaɗayin abinci ba, kwaɗayin a gan ni kusa da manya. In na ga mace da jakar hannu da baƙin gilashi sai in ji kamar ba ƙasa ɗaya muke takawa ba. Wannan halin ne ya kai ni ya baro.

Muna haya ne a gidan wani Alhaji da ke zaune a Damagaram, ba ma ganinsa sai in ya zo karɓar kuɗinsa. Gidan sassa huɗu ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kwantar wuta ɗaya, wato mita. Akwai mu, akwai wani tela da iyalinsa, akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, sai babban sashen da ke can ƙurya, wanda ya daɗe babu kowa a ciki. Duk wata in takardar kuɗin wuta ta zo, wadda muke kira faktir, tela ne ke raba mana, kowa ya kawo nasa, ba a taɓa jin kanmu ba. Inna ce ke biyan kaso mafi tsoka, kuma da yardarta, domin tana da firigo. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƴa ɗaya da ke ajin ƙarshe a kolej, da wannan tsohon firigo da ya saya mata kafin ciwo ya kwantar da shi. A cikinsa take daskarar da ƙanƙara da zoɓo da lamurje ƙulle a leda. Da shi suke ci, da shi ake biyan haya, da shi ake sayen littattafan yarinyar. Dole in faɗi wani abu a nan don a san nauyin abin da na aikata. Lokacin da na haihu, mahaifiyata kwana kaɗan ta yi ta koma, saboda babana ba shi da lafiya. Inna ce ta tsaya mini. Ita ke hura wuta ta dafa mini ruwan wankan jego, ita ta gasa cibiyar ɗana, ita ke dama mini kunun kanwa har na yi arba'in. Ko dala ba ta karɓa ba. Da mijina ya aiko mata da turmin atamfa, sai da aka kai ruwa rana kafin ta amsa.

Ana shirin shiga bazara sai ga wata mota shaƙe da kujeru da katifu ta tsaya a ƙofar gida. Wani ma'aikacin gwamnati ne aka yi wa canjin wurin aiki daga Damagaram, ya kama babban sashen nan. Tun ranar farko ya shaida mana cewa Shef ake ce masa a biro, wato ofis, mu ma haka za mu riƙa kiransa, matarsa kuwa Madam. Mutum ne mai tumbi da ƙamshin turare, makullai na ta kaɗawa a ƙugunsa, in zai gaisa da tela sai ya miƙa masa kan yatsu kamar mai tsoron ɗaukar ƙazuwa. Mutanen unguwa sun yi ta mamakin yadda babban mutum kamar wannan zai bar gidajen da ke da katangarsu da ƙofarsu ya zo ya cusa kansa cikin ƴan haya. Shi kuma ya ce tawali'u ne, wai yana son zama cikin talakawa ya san damuwarsu. Kwana biyu da tarewarsu aka kawo magini ya huda bango, aka kafa na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilim. Da tela ya tambaye shi cikin ladabi ko abin ba zai ƙara mana kuɗin wuta ba, sai ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce wannan sabon samfuri ne, bai fi fanka cin wuta ba. Daga nan ya ce tun da shi ya san Faransanci da lissafi, daga yau shi zai riƙa karɓar faktir yana raba mana, ya hutar da tela. Muka yi ta godiya. Wallahi har da shi masa albarka.

Madam ba ta san kowa a garin ba, ga ta da son a yi mata hidima. Wata rana ta ga kitson da na yi wa matar tela, sai ta aiko in zo in yi mata. Ba zan manta shigata ɗakin nan na farko ba. A waje rana ce irin ta bazarar ƙasarmu, wadda ko takalmi ka bari a tsakar gida ba ka iya sa ƙafa a ciki, ɗana duk ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da gadon baya, kwana yake yana kuka. Ina ɗaga labule sai wani sanyi ya daki fuskata ya ratsa har ƙashina. Na shimfiɗe yaron a kan darduma, kafin in tsaga kan Madam ya yi barci, irin barcin da ya daɗe bai yi ba. Daga ranar na zama ƴar ɗakin. Da na gama abincin rana sai in saɓi yaro in nufi ƙurya. In yi mata kitso, in wanke mata kwanuka, in daka mata yaji, in goge mata ƙasa, ita tana kwance tana kallon tele tana danna waya. Baiwa na zama ba tare da albashi ba, amma a raina ƙawar matar Shef ce ni. In ta ba ni sauran miya ko tsohon zane sai in fito ina taƙama, ina kallon matar tela sama da ƙasa. Inna ta taɓa ce mini in riƙa sassautawa, gidan mutane ba wurin wuni ba ne kullum, na ce a raina hassada ce irin ta tsofaffi.

A irin wannan zaman ne Madam ta saki baki. Ina tsefe mata kai, ta gama waya da wata ƙawarta tana ta dariya, sai ta juyo tana ba ni labari kamar abin alfahari. Ta ce a Damagaram suna da kwantarsu su kaɗai, kuma kilim ɗin nan ya kusa kai su ƙasa, domin in bazara ta yi faktir na cinye babban kaso na albashin Shef, har sau biyu ana yanke musu wuta a gaban maƙwabta. Ta ce ita kuwa ta rantse ba za ta zauna a zafi ba. Shi ya sa da aka kawo su nan, Shef ya ƙi duk gidajen da aka nuna masa, ya ce a nemo masa inda ake tarayya a kwantar ɗaya. Ta ce, "Ai mutanen ƙauye ba su san lissafin wuta ba, abin da ka ce musu shi ke nan." A gabana ta faɗi haka, hannuna cikin gashinta, kamar ni ba ɗaya ce daga cikin mutanen ƙauyen ba. Kun san abin da na yi? Dariya na taya ta. Har na ji daɗi wai ta ɗauke ni ta kusa, tana gaya mini sirrin gidanta.

Faktir na farko bayan zuwansu ya ninka wanda muka saba fiye da sau uku. Shef ya tara mu da la'asar a gindin dalbejiyar tsakar gida, yana zaune a kujera mu muna kan tabarma. Ya sa gilashi ya ɗaga takarda, ya yi ta zuba Faransanci yana yayyafa Hausa a kai kamar mai sa gishiri. Abin da muka fahimta shi ne, wai ya bincika ya gano firigon Inna ne ya tsufa, injinsa ya gaji, yana shan wuta kamar raƙumin da ya dawo daga sahara. Inna ta ce cikin sanyin murya firigon nan ya yi shekaru a gidan, bazara nawa ta wuce, ba a taɓa ganin irin wannan kuɗi ba. Tela ya yi gyaran murya ya ɗaga kai ya dubi akwatin da ke ruri a bangon Shef, ya ce ko dai a duba wancan ma. Shef ya ɓata rai, ya ce kilim ɗinsa ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan a kunne da tsakar rana, sannan ya nuna ni da makullin motarsa ya ce ga shaida nan, kullum tana ɗakin, a tambaye ta. Kowa ya juyo yana kallona. Na san kilim ɗin nan ba ya hutawa dare da rana sai in an ɗauke wuta. Na san abin da Madam ta gaya mini. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne ƙurajen ɗana, da dardumar nan mai sanyi, da yadda zan koma wuni a ɗakin kwano. Na ce gaskiya Shef ya faɗa. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Ba wanda ya tambaye ni, na ƙara da cewa bangonmu ɗaya da Inna, firigonta kwana yake yana gurnani har yana hana ni barci. Inna ta dube ni, ta gyara mayafinta ta sunkuyar da kai.

Aka yanke cewa Inna za ta biya rabin faktir ita kaɗai, mu ukun mu raba sauran daidai wa daida. Ku duba fa, mai kilim da tele da dutsen guga ya biya daidai da ni mai ƙwai biyu da fanka ɗaya. Inna ta kwashi kuɗin adashinta da take tarawa don jarrabawar ƴarta ta biya. Ta ce in azumi ya shigo za ta mayar, domin duk mai sayar da ƙanƙara ya san watan azumi a bazara shi ne kakarsa. Azumi ya kama, zafi ya ƙaru, Shef ya koma dawowa daga biro tun kafin azahar ya kwanta a sanyi har a kira magariba, wai shi ma yana azumi. Faktir na biyu ya fi na farko. Wannan karon Inna ba ta da abin biya. Ta je har ƙofar sashensa ta durƙusa, mace da ta haife shi a shekaru, ta roƙi a yi mata sassauci zuwa bayan salla. Ko fitowa bai yi ba, ta labule ya ce mata ba shi ya kafa kamfanin wuta ba. Ya buga wa Alhaji mai gida waya ya ce wata tsohuwa za ta jawo a yanke wa gidansa wuta. Alhaji kuwa, da yake a wurinsa ɗan haya mai albashi ya fi bazawara goma, ya aiko da saƙo a cire firigon daga wuta ko ta tashi. A tsakiyar azumi aka zare shi, da zoɓon da ta ƙulla a ciki. Yara suka yi ta zuwa da kwanoninsu gab da shan ruwa suna komawa haka nan.

Firigon da ba ya aiki akwati ne kawai. Ta sayar wa wani mai kanti a bakin tasha a kan kuɗin da ko rabin darajarsa bai kai ba, domin kowa ya ji labarin wai yana cin wuta. Ta biya bashin faktir da ragowar haya, abin da ya saura bai isa su zauna a gari ba. Bayan salla ta yanke shawarar komawa Dungu wurin danginta. Saura ƴan makonni ƴarta ta zauna jarrabawar ƙarshe, kuma ba su da wanda za a bar ta a hannunsa. Ɗakina akwai wuri, mijina ba ya nan, kalma ɗaya ce zan faɗa yarinyar ta zauna. Ban faɗa ba, saboda ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da idonta ba. Ranar da suke ɗora kaya a amalanke ina ɗakin Madam, na ɗan ɗaga labule ina leƙe. Na ga Inna ta je ƙofata ta yi sallama, ta jira, ta sake yi, sannan ta juya. Matar tela ce ta raka su har bakin hanya tana kuka. Madam ta ce in saki labulen nan, sanyi na fita.

Sai wata ya ƙare, faktir ya sake zuwa. Babu firigo, babu Inna, amma kuɗin bai ragu da abin a zo a gani ba. Na zaci Shef zai ji kunya. Ina! Mutumin nan an wanke masa ido da sabulu tun yana yaro. Ya sake tara mu ya ce ma'aikatan wuta ɓarayi ne, kwantar ce ta lalace, zai rubuta musu takarda, amma kafin nan dole a biya, kuma tun da mu uku muka rage sai a raba uku. Kason da ya faɗo kaina ya fi abin da nake kashewa a cefanen wata. Abin da mijina ke aikowa in an canza naira zuwa sefa ba ya da auki, na zuba shi duka bai isa ba, na sayar da kwanonin aurena guda biyu na cika. Na je wa Madam da kuka na ce ta yi wa Shef magana, tun da dai ni da ita mun san gaskiyar magana. Sai ta tashi zaune ta dube ni kamar ta ga kashin kaza a darduma, ta tambaye ni wace gaskiya. Washegari na tarar da ƙofa a kulle. Da na ƙwanƙwasa ta ce ɗana ya yi mata fitsari a darduma, ɗakin na wari, in riƙa zama a nawa. Ashe ta samu sabuwar ƙawa, matar wani mai kaki, wadda ke zuwa da mota. Haka na koma ɗakin kwanona, ina biyan kuɗin sanyin da ko ƙamshinsa ba na ji, ina sauraren rurin kilim daga nesa, sashen Inna kuma a rufe da kwaɗo.

Da ruwan farko ya sauka mijina ya dawo. Bai ga Inna ba, bai ga kwanonina ba, ya ga bashi. Na fara kame-kame, daga baya na gaji na kwance masa komai, har da maganar Madam, har da abin da na ƙara da bakina a gindin dalbejiya. Da ya zage ni ko ya ɗaga hannu da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Matar da ta yi miki wankan jego?" Bai ƙara ba. Ya fi mako ba ya cin abincina. Ya samu tela ya gaya masa, suka tari Shef da safe zai shiga mota. Shef ya ce maganar mata ce, su kawo shaida, ya tambaye su ko sun san da wa suke magana, ya ce in suka ƙara tare masa hanya a komisariya za su kwana, hannun ƴan sanda. Mijina ya ce ba sai an kai ga haka ba, shi dai daga yau ko dala ba zai ƙara bayarwa ba, tela ma ya ce haka, a zo a yanke wutar kowa ya huta. Shef ya zaci wasa ne. Shi ma ya ƙi biya, yana jiran su karaya. Aka zo aka yanke.

A nan ne muka ga ƙarshen tawali'u. Ko mako ba a yi ba sai ga ma'aikata sun zo sun kafa masa kwantarsa shi kaɗai a bangon sashensa. Ashe abu ne da yake iya yi tun ranar da ya tare. Kuma tun daga ranar da kuɗin ya koma fita daga aljihunsa, kilim ɗin nan da bai fi fanka cin wuta ba ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Ba a kunna shi sai in baƙi sun zo daga biro, suna fita a kashe. Muna ji yana yi wa Madam tsawa in ta taɓa shi. Matar da ta rantse ba za ta zauna a zafi ba, sai ga ta a gindin dalbejiya da mafici, gumi na tsaga hodar fuskarta, tana neman wanda zai tanka mata. Matar mai kaki ma ta daina zuwa. Mu kuwa muka yi watanni a duhu, domin tsohon bashin na kan kwantar gida, Shef ya jefo abin da ya kira kasonsa ya ce ya fita. Mijina da tela suka yi ta tarawa har suka biya. Kafin shekara ta zagayo aka sake yi masa canji, ya cire kilim ɗinsa ya ɗora a mota. Na tabbata duk garin da ya sauka, gidan da ke da kwantar ɗaya ya fara tambaya.

Bayan girbi, kafin mijina ya koma cin rani, ya ce in shirya za mu Dungu. Ya ɗauke ni a moto, wato babur, da yaro a baya. Muka tarar da Inna a gidan ƙaninta, a wani ɗan ɗaki kusa da turken awaki, tana murza ƙuli-ƙuli na sayarwa. Ta rame, ta yi baƙi, amma da ta gan mu sai ta tashi da murna ta karɓi yaron tana yi masa wasa, ta sa aka dama mana fura. Wannan tarbar ta fi mari ciwo. Na durƙusa a gabanta na faɗi duk abin da na sani da abin da na ɓoye. Ta bari har na gama, sannan ta ce, "Ai na sani, ƴar nan. Ban san lissafin wuta ba, amma na san fuskarki. Ranar nan da kike magana ƙasa kike kallo." Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ta ce yarinta ce da zafin goyo. Mijina ya roƙe ta ta dawo, ya ce zai nemi yadda za a yi a sayi wani firigon ko na hannu ne. Ta ce ta gode, amma ita da zaman gari sai dai ziyara, ba ta da sauran ƙarfin farawa. Duk wannan abin ƴarta na zaune a gefe tana ɓarar gyaɗa. Jarrabawa ta wuce ta, ba ta koma makaranta ba, kuma har yau ba ta koma ba. Da muka tashi tafiya ta biyo mu har wurin moto, na zaci rakiya ce. Ta matso kusa da ni yadda uwarta ba za ta ji ba, ta ce, "Yaya, sanyin ya yi daɗi?" Tun daga Dungu har Matameye kuka nake a bayan mijina, shi kuma bai ce in yi shiru ba.

Shekaru sun wuce, amma in na tuna mutumin nan har yanzu raini ne ke cika mini ciki. Mutum da albashinsa da motarsa, ya rasa wanda zai ɗora wa nauyin jin daɗinsa sai bazawara mai ƙulla zoɓo a leda. Wanda ke tare hanya da adda ya fi shi mutunci, domin shi bai ce tawali'u ya kawo shi ba. Irinsu suna da yawa, suna son rayuwar manya da aljihun talakawa, makaminsu kuwa takarda ce da yaren da ba ma ji. Sai dai duk rainin da nake masa bai kai wanda nake wa yarinyar da na kasance ba. Shi baƙo ne, bai ci gishirin Inna ba. Ƙaryarsa ita kaɗai da ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin tela ya riga ya fara shakka. Ni na ba ta ƙafa, ni da aka sani a gidan, ni da za a yarda da maganata. Kuma me aka biya ni? Sauran miya da wurin kwanciya a ƙasan ɗakin wata.

Shawarata ga ƴan'uwana masu zaman haya, musamman matan da mazansu ke tafiya cin rani su bar su da ɗawainiyar gida: in kuna tarayya a kwantar ɗaya, duk wanda ya zo da kilim ko wani abu mai cin wuta, ku ce ya nemi tasa tun kafin a huda bango, kome girman rigarsa. Kada ku miƙa faktir ga mutum ɗaya don ya iya Faransanci, ku nemi wanda ba shi da riba a ciki ya karanta muku. Abin da ya fi wannan kuma, ku kula da gidan da kuke shiga da abin da ake ba ku a ciki, domin wata kyautar kuɗin bakinka ce aka biya tun kafin a buƙace shi. Ranar da aka ce ka yi shaida, wanda ya tsaya maka lokacin da ba ka da kowa shi za ka fara tunawa. Inna ta yafe mini, amma yafiyarta ba ta mayar da ƴarta aji ba, kuma wannan hakkin ban san inda zan kai shi ba sai gaban Allah. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, ya fi sa ƴar Inna.